Kafin a tada tsohuwar motar Baba: Abin da ya kamata a sani game da masta ɗin birki

Wanda ya saba zagayawa a layukan Nassarawa GRA a Kano, daga Sultan Road zuwa Lamido Crescent da Alu Avenue, ya san irin tsofaffin gidajen nan masu faɗin fili da manyan bishiyoyin darbejiya. A bayan wasu daga cikinsu, ko a cikin garejin da aka daɗe ba a buɗe ba, akwai motocin da suka yi shekaru a ƙarƙashin tamfol: Fijo 504, Marsandi, Landiroba, wani lokaci har da Bitil ta kamfanin Volkswagen.

'Ya'ya da jikokin masu waɗannan motoci sun fara waiwayarsu. Tsohuwar mota mai sheƙi tana ɗaukar ido a Instagram da TikTok fiye da sabuwa, tana kuma ƙawata hoton biki da yawon Sallah. Sai a sake fenti, a sayi tayoyi da batir, a saka rediyo mai Bluetooth. Birki ne ake bari sai ƙarshe.

Ranar da aka tada injin, aka taka feda ta tafi ƙasa ba tare da turjiya ba, makanike zai leƙa ya ce masta ya mutu. Daga nan waya ta karɓi aiki: a ɗauki hoton tsohon, a tura wa mai shago a kasuwar Ƙofar Ruwa ta WhatsApp, ko a shiga Jiji da eBay da AliExpress ana neman mai kama da shi. A samu, ramukan notinsa su yi daidai, a ɗaura.

A nan ne haɗarin yake. Masta guda biyu na iya zama kamar an tsaga kara a hoto, amma ɗaya an ƙera shi ne don motar da ƙarfin ƙafa kaɗai ke tsayar da ita, ɗayan kuma don motar da ke da na'urar taimakon birki. Kama da wane ba wane ba ne. Idan aka musanya su, motar za ta tashi, za ta yi tafiya, za ta ma tsaya lafiya a cikin gida. Sai ranar da A Daidaita Sahu ya yanko gabanta a kan Ahmadu Bello Way sannan bambancin zai fito.

Motocin da ke ƙarƙashin tamfol

Ba haka kawai waɗannan motoci suka taru a unguwa irin Nassarawa ba. Unguwa ce ta manyan ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa tun zamanin Turawa, kuma a nan Gidan Gwamnatin Kano yake. A 1975 kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, ya fara haɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna, a shekarar ce kuma kamfanin Volkswagen ya fara haɗa Bitil a Legas. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a 1976, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta mayar da Fijo 504 motar jami'an gwamnati, aka ci gaba da haɗa ta a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da yawa bayan an daina ƙera ta a Faransa.

Ta fuskar birki, motocin sun kasu gida biyu.

Bitil tana kashi na farko. Mota ce marar nauyi, kusan kilo 800, yawancinta da birkin ganga a ƙafafu huɗu, kuma babu na'urar taimako. Haka ma tsofaffin Landiroba samfurin Series II da IIA masu gajeren jiki. A cikin waɗannan, duk ƙarfin da ya isa taya daga cinyar direba ya fito.

Fijo 504 da Marsandi W123 suna kashi na biyu. Lokacin da 504 ta fito a 1968, samfurinta na salun ya zo da birkin faifai a ƙafafu huɗu tare da na'urar taimako, fikof da doguwar nan mai ɗaukar iyali kuma, da suka fito daga bisani, sun zo da ganga a baya. W123, wadda ta fito a 1976, ita ma faifai ne a ƙafafu huɗu da na'urar taimako. Wannan na'ura ita ce baƙar gangar ƙarfe da ake gani a bayan masta idan aka ɗaga bonet. Ana kiranta busta, wasu kanikawa kuma na ce mata sabo.

Akwai ma masu tsaka-tsaki. Fijo 404, wadda ta fito a 1960, ta fara ne da ganga zalla, daga baya aka ƙara wa wasu samfurorinta busta da faifai a gaba. Ke nan cewa mai shago “masta ɗin 404” kawai bai wadatar ba, sai an san wace 404 ce.

Mene ne aikin masta?

Masta famfo ne. Ɗan gajeren bututun ƙarfe ne mai rami, a cikinsa akwai fistin mai robobi, a samansa kuma kofin man birki. Idan aka taka feda, wata sanda tana tura fistin, fistin ya matse mai, man ya bi siraran bututai zuwa tayoyi huɗu. A can sai ya tura wasu fistin ɗin, su danna takalmin birki a jikin ganga, ko su sa kalifa ta damƙe faifai.

Dabarar ta samo asali ne daga abin da masanin Faransa Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17: idan aka matse ruwa a cikin rufaffen mazubi, matsin yana isa ko'ina daidai wa daida. Ba'amurke Malcolm Loughead, wanda daga baya aka san sunan gidansu da Lockheed, shi ne ya yi rajistar birkin mota mai amfani da mai wajen ƙarshen yaƙin duniya na ɗaya, kuma a 1921 motar Duesenberg Model A ta fito kasuwa da shi a ƙafafu huɗu.

Abin da ya fi muhimmanci a jikin masta shi ne abin da hoto ba ya nunawa, wato faɗin ramin da fistin ke tafiya a ciki. Kuma a nan ne tunanin mutane da yawa ke juyewa. Ana ɗauka cewa babban masta ya fi ƙarfi. A gaskiya akasin haka ne. Duk wanda ya taɓa riƙe sirinji ya san ƙarami ya fi sauƙin dannawa, babba kuma ya fi ɗaukar ruwa amma ya fi tauri. Ƙaramin rami yana ba da matsi mai yawa da ƙarfi kaɗan, sai dai man da yake turawa kaɗan ne, don haka feda tana yin tafiya mai nisa. Babban rami yana tura mai da yawa, feda ta tsaya a sama, amma yana buƙatar ƙarfi sosai.

Lissafin da kowace waya za ta iya yi

Ba sai an je makarantar injiniya ba, kalkuletan waya ya isa.

Fedar birki ita kanta sanda ce mai ninka ƙarfi, kamar yadda dogon ƙarfe ke taimakawa wajen ɗaga dutse. A motocin da ba su da busta, feda kan ninka ƙarfin ƙafa kusan sau 6. A masu busta kuwa kusan sau 4 ne, domin akwai mai taimako a gaba.

A ɗauka direba ya taka da ƙarfin kilo 40. A motar da ba ta da busta, abin da ya isa masta ya zama kilo 240. Idan faɗin ramin milimita 22.2 ne, wato kashi bakwai cikin takwas na inci, girman fuskar fistin ya kai santimita murabba'i 3.9. A raba 240 da 3.9, a samu matsin kusan kilo 62 a kan kowace santimita murabba'i. Wannan ya shiga cikin abin da masu haɗa birki ke nema domin tsayawar gaggawa da birkin faifai, wato tsakanin 60 zuwa 80.

Yanzu a cire wannan masta, a ɗaura na mota mai busta wanda faɗin raminsa milimita 28.6 ne, inci ɗaya da kashi ɗaya cikin takwas. Fuskar fistin ta koma 6.4. Ƙafa ɗaya, feda ɗaya, amma matsin ya faɗo zuwa kusan 37. Bambancin milimita 6 da 'yan kai kacal ya cinye kashi 40 cikin 100 na ƙarfin birki.

Mafi muni shi ne abin da kan faru idan busta ta lalace, aka rasa wata, aka ce a cire ta a haɗa masta kai tsaye da feda. Yanzu feda tana ninkawa sau 4 ne kawai, wato kilo 160, a raba da 6.4, a samu 25. Bai kai rabin abin da ake buƙata ba. Fedar za ta yi tauri kamar dutse, mai mota ya ɗauka alamar ƙarfi ce, alhali motar ba ta kama birki.

Me wannan ke nufi a kan titi? Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Idan ƙarfin da ke riƙe tayoyi ya ragu da rabi, nisan da za ta ci kafin ta tsaya yana ninkawa. A gaban makaranta lokacin tashi, ko a shataletale da yamma, wannan tazara ita ce tsakanin tsorata da jana'iza.

Abin da busta ke ƙarawa

Injin fetur yana zuƙar iska duk lokacin da yake aiki, musamman idan an ɗaga ƙafa daga totur. Injiniyan Beljiyam Albert Dewandre ne ya yi fice wajen amfani da wannan zuƙa don taimaka wa birki a shekarun 1920, kamfanin Bosch kuma ya fara ƙera na'urar tasa a 1927.

A cikin gangar busta akwai faffaɗar roba da ta raba ta gida biyu. Wani tiyo daga manifol ɗin inji yana zuƙe iskar da ke ɓangarorin biyu. Da zarar an taka birki, wani bawul yana barin iskar waje ta shiga ɓangaren baya, ita kuma ta danna robar gaba, ta ƙara wa ƙafa ƙarfi. Iskar da muke shaƙa tana da nauyin kusan kilo 1 a kan kowace santimita murabba'i. Idan faɗin robar inci 9 ne, girman fuskarta ya haura santimita murabba'i 400, don haka ko da kashi 60 cikin 100 na iskar aka zuƙe, ƙarin ƙarfin da za a samu ya kai kusan kilo 250. Kamar mutum ya samu ƙato na biyu yana taya shi takawa.

Saboda wannan ƙarin ne injiniyoyi ke iya saka babban masta da gajeriyar feda, direba ya samu birki mai laushi wanda ba ya tafiya ƙasa sosai.

Injin dizal ba ya samar da irin wannan zuƙa, shi ya sa motoci kamar Marsandi 200D da 240D ke da famfon zuƙa na musamman a jikin inji. Wanda ya canza wa tsohuwar mota inji, abin da ya zama ruwan dare a garejojin ƙasar nan, dole ya tabbatar sabon injin yana ba busta zuƙar da take buƙata, kuma bawul ɗin da ke hana iska komawa yana nan a kan tiyon.

Akwai kuma abin da ya kamata a fahimta: busta ba ta ƙara wa taya riƙon ƙasa. Bitil da aka gyara birkinta yadda kamfani ya tsara tana iya kulle tayoyinta huɗu da ƙarfin ƙafa kawai. Busta tana rage wahalar takawa ne a mota mai nauyi ko mai faifai. Birkin ganga yana da ɗabi'ar taimakon kansa, domin juyawar gangar tana ƙara jan takalmin ya manne. Faifai ba shi da wannan, shi ya sa yawancin motocin da suka koma faifai suka zo da busta.

Bambance-bambance huɗu da ba sa fitowa a hoto

Na farko shi ne faɗin rami, kamar yadda lissafi ya nuna. Sau da yawa ana rubuta shi a jikin masta, da milimita ko da inci. Masta mai hanya biyu na Bitil milimita 19.05 ne. Landiroba ma misali ce mai kyau: tsohuwar gajeriya, mai lamba 88, tana amfani da rami mai kashi uku cikin huɗu na inci, doguwar mai lamba 109 kuma inci ɗaya, saboda gangunanta da silindojin tayoyinta sun fi girma. Na inci ɗaya yana tura mai da ya fi na ƙaramin da kusan kashi 78 cikin 100 a taku ɗaya. Idan aka saka ƙaramin a doguwar mota, feda na iya kaiwa ƙasa kafin takalma su kama sosai. Idan aka saka babban a gajeriya, feda ta yi tauri, birki ya yi rauni.

Na biyu shi ne zurfin ramin da ke bayan fistin, inda sandar turi ke shiga. A masta na motar da ba ta da busta, ramin yana da zurfi, ko kuma akwai abin da ke riƙe sandar, domin kada ta zame ta faɗo idan feda ta dawo da sauri. A na mota mai busta, sau da yawa ɗan loɓawa ne kawai, domin ɗan gajeren ƙarfen da ke fitowa daga busta ba ya motsawa gefe. Wanda ya ɗaura mai ɗan loɓawa a motar da ba ta da busta ya bar sandar tana lilo. Gargada ɗaya ko faɗawa rami na iya fitar da ita, taku na gaba kuma feda ta tafi ƙasa babu komai. Wanda ya yi akasin haka, ya ɗaura mai zurfi a kan busta, ƙarfen busta ba zai kai ga fistin da wuri ba, rabin tafiyar feda ta tafi a banza.

Na uku shi ne ɗan bawul ɗin da ke riƙe ragowar matsi. Masta da yawa na birkin ganga suna da shi a bakin mafitar mai. Yana barin ɗan matsi kaɗan a bututu, kusan fam 10 a kan kowane inci murabba'i, domin robobin silindar taya su ci gaba da mannewa kada iska ta shiga. Sifirin ɗin ganga masu ƙarfi ne, suna janye takalma duk da wannan matsi. Kalifa ba ta da irin wannan sifirin. Idan aka ba ta masta mai wannan bawul, za ta riƙa goga faifai ko ba a taka birki ba, faifan ya yi zafi, mota ta riƙa shan mai, fad ya ƙare da wuri. Wannan ya shafi duk wanda ke son mayar da gaban Bitil ko 404 daga ganga zuwa faifai.

Na huɗu shi ne 'yar tazarar da ake bari tsakanin sandar turi da fistin. A cikin masta akwai wata 'yar ƙaramar kafa da mai ke bi ya koma kofi idan an saki feda. Idan sandar ta yi tsawo, fistin ba ya komawa mazauninsa, sai ya toshe kafar. Da safe komai lafiya. Bayan tafiyar 'yan kilomitoci man ya yi zafi ya kumbura, ya rasa hanyar komawa, sai birki ya kama kansa, mota ta ƙi tafiya a tsakiyar titi. A Bitil, kamfani ya tsara tazarar milimita 1, wadda ke bayyana a matsayin wasan milimita 5 zuwa 7 a saman feda. Tsakanin busta da masta kuwa tazarar ba ta wuce kusan rabin milimita ba.

Hanya ɗaya ko hanya biyu

Akwai wata tambayar da ta fi ta busta muhimmanci ga rai: hanyar mai nawa masta ke da ita?

Tsofaffin motoci da yawa na shekarun 1950 da farkon 1960 fistin ɗaya ne ke ciyar da tayoyi huɗu. Idan bututu ɗaya ya fashe, ko robar silinda ɗaya ta yage, duk birkin ya tafi, sai birkin hannu da addu'a. Masta mai hanya biyu yana da fistin biyu a jere, kowanne da nasa ɓangaren, ta yadda idan ɗaya ya zube ɗayan zai riƙe. Kamfanonin Cadillac da American Motors sun fara saka shi a 1962, daga 1968 kuma dokar Amurka ta wajabta shi a kan sababbin motoci. A daidai wannan lokaci ne Bitil ma ta koma hanya biyu.

Motar da ta yi shekara 15 ko 20 a ajiye tana da bututan da tsatsa ta ci da tiyon roba da suka tsattsage. Idan nata masta mai hanya ɗaya ne, mayar da shi mai hanya biyu gyara ne da ya cancanci kuɗinsa, ko da zai rage wa motar asalinta a idon masu son kayan tarihi. Sharaɗin shi ne faɗin ramin ya dace da motar, a kuma raba bututan yadda ya kamata.

Zafin Kano da man birki

A watannin Maris zuwa Mayu zafin Kano kan kai maki 40 a ma'aunin Salshiyas, kwalta kuma ta fi haka. Da damina iska na cika da danshi. Dukkansu suna taɓa birki.

Man birki na DOT 3 da DOT 4 yana tsotsar ruwa daga iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla maki 205, amma idan ya sha ruwa mizanin ya sauko zuwa 140. Na DOT 4 kuma 230 ne yana sabo, 155 idan ya jiƙe. Man da ya tafasa yana zama tururi, tururi kuma yana matsuwa, sai feda ta tafi ƙasa. Ruwan nan ne kuma ke sa tsatsa ta ci cikin ramin masta a motar da aka ajiye. Shi ya sa canza robobi kaɗai, abin da kanikawa ke kira saka kit, ba ya daɗewa idan ramin ya riga ya yi ƙuraje: sabuwar robar za ta yage cikin 'yan makonni. Masu ƙera motoci da yawa suna ba da shawarar a canza man duk shekara biyu.

DOT 5 na silikon ne, ba a haɗa shi da sauran. Man inji, man giya ko man sitiyari kuwa guba ne ga birki, domin suna kumbura robobi. Tsofaffin Citroën masu amfani da koren mai na LHM su ne suka fita daban, su kuma DOT 3 da DOT 4 ne ke lalata su.

Kafin a tura kuɗi

Wayar da ke iya jefa mutum cikin kuskure ita ce kuma za ta iya fitar da shi, idan an yi amfani da ita daidai.

Hoton da ya fi amfani ba na gefen masta ba ne. A ɗauki na lambobin da ke jikinsa, na bayansa inda sanda ke shiga, da na mafitun bututu. A ɗauki lambar shasi da shekarar motar. Ƙaramin ma'aunin faɗi na dijital ba shi da tsada, da shi za a auna faɗin rami da zurfin bayan fistin na tsohon da na sabon. Littattafan gyara na waɗannan motoci, irin na kamfanin Haynes, da kundin lambobin kayan kamfanoni kamar ATE da Bendix da Girling, ana samun da yawa a intanet. Kada kuma a ɗauka cewa masta ɗin da aka tarar a motar shi ne na asali. Motar da ta yi shekara 40 ta bi ta hannun kanikawa da yawa.

Tambayoyin da za a yi wa mai sayarwa a bayyane suke: nawa ne faɗin ramin, na mai busta ne ko marar busta, na ganga ne ko na faifai, hanya ɗaya ne ko biyu. Wanda amsarsa ita ce “ai duk ɗaya ne, zai shiga” bai amsa ko ɗaya ba. Na gwanjo kuma a buɗe shi a duba cikinsa da fitilar waya kafin a biya. Araha ba ta ado, balle a birki.

Bayan an ɗaura, akwai gwaje-gwajen da mai mota zai iya yi da kansa a cikin gida. Inji a kashe, a taka feda sau huɗu ko biyar har ta yi tauri, a riƙe ta, a tada inji. Idan busta na aiki, fedar za ta ɗan sauka. Sannan a riƙe feda da matsakaicin ƙarfi na rabin minti. Idan tana nutsewa a hankali kuma babu ɗigon mai a ƙasa, man yana zagaye robobin cikin masta ne. Idan man kofi yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, a duba cikin busta, domin robar bayan masta na iya zubar da shi can. Ƙarar huci idan an taka birki alama ce ta robar busta ta yage. Feda mai taushi kamar soso kuma iska ce ta rage a bututu, kuma gogaggun kanikawa kan fara fitar da iskar masta a kan benci tun kafin su ɗaura shi.

Gwajin titi a yi shi a layin da babu mutane, da gudun kilomita 20, sannan 40. Bayan 'yar tafiya a tsaya a kusantar da hannu ga kowace taya. Wadda ta fi sauran zafi sosai tana gogawa.

Daga zuƙar inji zuwa lantarki

Matsalar ba ta tsaya ga tsofaffin motoci ba. Motar lantarki ba ta da injin da zai yi zuƙa, don haka a 2013 kamfanin Bosch ya fito da iBooster, busta mai amfani da ƙaramin injin lantarki da na'urar da ke auna yadda direba ya taka feda. Tana cikin motocin Tesla da wasu da dama, kuma a Turai da Amurka masu gyaran tsofaffin motoci sun fara ciro ta daga motocin da suka yi haɗari suna ɗaura wa nasu. Duk da wayoyi da kwamfutar da ke jikinta, a gabanta masta ne mai rami da fistin, kuma lissafin Pascal bai canza ba: faɗin ramin sai ya dace da feda da abin da ke tayoyi.

Yawancin waɗannan tsofaffin motoci ba su da na'urar ABS mai hana taya kullewa, wadda Marsandi ta fara sakawa a manyan motocinta a 1978. Ba su da jakar iska, ba su da kwamfutar da za ta gyara kuskuren direba ko na makanike. Injiniyoyin da suka ƙera su sun auna feda da masta da busta da silindojin taya a matsayin abu guda, kuma da wannan lissafin ne 504 ta yi shekaru tana zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna da Maiduguri cike da fasinja.

Matashin da ya yaye tamfol daga kan motar mahaifinsa ya gaji wannan lissafin tare da makullin. Fenti da kujeru za su iya jira zuwa wata mai zuwa. Lambar da ke jikin masta kuwa a karanta ta tun motar ba ta fita daga get ba.